Wanda Ya Saita Wuta Shi Ke Fara Takawa

Duk wanda ya zauna a Treichville a shekarun yaƙin duniya na biyu ya san tafiyar Nomau bakanike: ƙafar dama tana jan ƙasa, kafaɗa tana binta. Mutane kan ce haɗari ne ya same shi. Ni rumfar gorona manne take da tasa, a kan idona aka yi, kuma ba haɗari ba ne.

Nomau mutumin Ƙonni ne. Shanu ya biyo zuwa Abidjan shi da ƙanensa Idi. Idi ya zauna a Adjamé yana fawa, shi kuwa ya ce ƙarnin jini ya ishe shi, ya ƙetaro gada ya kama shara a garejin wani Bature har hannunsa ya faɗa a kan babur, ya kafa tasa rumfar a Treichville. Mutum ne mai zuciya, ba ka ganin haƙorinsa sai inji ya tashi.

Saitin wuta shi ne aikin da ya yi suna a kai. Na gani har na haddace, ko da yake ko keke ban iya gyarawa ba. Zai kwance buji, wato fulogi, ya zura wayar keke ta ramin har ta taɓa kan fistan, ya riƙa juya ƙafar baya a hankali, wayar tana hawa. Akwai wasu ƴan ƙarafa biyu a cikin manyeto da ke buɗe baki su ba da wuta, sai ya maƙala takardar sigari a tsakaninsu. Inda takardar ta suɓuce, nan wuta ke faɗowa, kuma dole ta faɗo saura ƙiris fistan ya gama hawa. In ta makara, babur ya yi nauyi ya ɗau zafi. In ta yi gaggawa, sai ta maido fistan baya, kik ɗin da ake takawa ya dawo wa mutum kamar harbin jaki. Saboda haka Nomau yana da doka wadda kowa ya sani: wanda ya saita wuta shi ke fara takawa. Ko gaggawar me mai babur yake yi, sai Nomau ya tayar da ƙafarsa kafin ya miƙa.

A lokacin akwai wani Mika'ilu, tsohon soja, ana ce masa Sarjan. Ɗan yankinmu ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Shi ke tara wa wani Baturen katako mutanen aikin tilas, yana yawo a babur ɗin ubangidansa da bulala a rataye. Wata safiya ya dira kasuwar Adjamé yana kama majiya ƙarfi. Idi ya ce a bari ya rufe namansa. Iyakar laifinsa ke nan. Sarjan ya shiga zuba masa bulala a gaban teburinsa, bakin bulalar ya naɗe fuska ya fasa idon hagu. Da ya ga jini ya wanke rigar Idi, ya ce wannan ba ya da amfani a daji, ya bar shi nan kwance cikin ƙudaje.

Nomau bai yi kuka ba, bai yi zagi ba. Na so a ce ya yi.

Ba a daɗe ba babur ɗin Baturen katakon ya fara tari yana mutuwa a hanya, kuma duk Treichville babu inda za a kai shi sai rumfar Nomau. Sarjan ya turo shi da hantsi, ya zauna a bencina, ya ɗauki goro bai tambaya ba. Ina kallon Nomau ya zura waya, ya maƙala takarda, ya juya ƙafa. Amma takardar ta suɓuce tun wayar tana can ƙasa, da sauran hawa mai yawa, kuma a nan ya ɗaure. Na gane da gangan ya sa wutar ta yi gaggawa. Ya mayar da buji, ya goge hannu, ya ja da baya.

"Moto ya gyaru, Sarjan. Taka ka tahi."

Sarjan ya miƙe, har ya ɗora takalmi a kan kik, sai ya tsaya. Mugu ne, amma ba wawa ba ne.

"Kai Nomau, yaushe ka bar dokarka? Ba kai ka hwara takawa ba?"

"Ƙahwata na ciwo yau."

"Ƙarya kake, ɗan mahauta. Allez, zo taka! In ko ka ƙi, na san abin da ka ɗaura ma moton Bature. Daji za ka, kai da makahon ƙanenka, ku ja itace har ku mutu."

Ya saukar da bulala, ya tsula masa ɗaya a wuya, fata ta tsage. Mutane suka taru, babu wanda ya shiga tsakani, har da ni. Nomau ya san in ya ƙi, ya amsa laifi ke nan, kuma Idi zai bi shi. Ya kuma san takawar tsoro ta fi dawowa da mugunta. Ya hau, ya yi bisimilla, ya saki nauyinsa gaba ɗaya.

Injin ya yi tari guda. Kik ya dawo, muka ji ƙas kamar an karya rake, Nomau ya wuntsila ta gefe. Ƙashin ƙwabrinsa ya huda wando ya leƙo. Sarjan ya bi shi a ƙasa da takalmi, haƙarƙari da baki, yana cewa ashe gwanin ma bai iya aiki ba. Da ya gaji, ya sa aka tura masa babur ya tafi. An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Wannan karin magana ta ba ni haushi ran nan, don wanda ya cancanci ramin da ƙafafunsa biyu ya koma gida.

Idi ne ya zo da amalanken nama, ido ɗaure da tsumma, muka ɗora yayansa muka nufi wurin maɗori a Adjamé. A kan gada, katako yana girgiza, Nomau yana cije leɓe, ya ce, "Don kai na yi, Idi."

Idi bai daina turawa ba. Ya ce, "Yaya, wa ya aike ka? Da ido ɗaya muka rasa a gidanmu. Yanzu ga ƙahwa."

Ɗorin ya kama a karkace. Nomau ya koma rumfarsa bayan damina, ya ci gaba da wayarsa da takardar sigarinsa har tsufa. Sau da yawa masu babur kan tausaya masa su ce, "Baba, bari in taka da kaina." Sai ya ture hannun mutum, ya zagaya, ya dafa kafaɗata in ina kusa, ya taka da ƙafar hagu.