Bakaniken da Ya Hana Mama Kimiora Barin Mangaia

Kafin zakarun ƙauyen Tamarua su gama cara, Papa Taoro ya riga ya fasa wa aladunsa kwakwa ya dawo. Sai ya yaye tamfol ɗin da ke rufe rumfarsa, ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya jera sifanoni, ya zauna a kan kututture da kofin shayi da dafaffen gwaza. Daga nan yake sauraron hanya. In ya ji babur na tari, ya san mai zuwa. In kuwa takun mutum ya ji haɗe da nishi, to turo shi aka yi, sai ya tashi ya ƙara ruwa a buta.

Haka muka taso muka same shi, haka kuma yake har makon jiya da ya ce idanunsa sun daina ganin ƙananan notuna, zai ajiye aiki. A tsibirin nan na Mangaia babu gidan da hannunsa bai shiga ba. Babur ɗin nas, na fasto, na malaman makaranta, duk sun kwana a rumfarsa. Shekarar da guguwa ta watsa ruwan teku cikin ƙauyen, shi ya bi gida gida yana kwance injuna yana wanke su da kananzir tun kafin gishiri ya cinye su, alhali rufin ɗakinsa na kwance a gonar maƙwabci. Amma in ka tambayi mutanen Tamarua aikin da ba za su manta ba, babur ɗin marigayi Tutai za su ambata.

Tutai abokinsa ne tun suna yara. Shi ke ɗaukar matarsa, Mama Kimiora, a bayan wani tsohon jan babur, su haura dutse su gangara fadamar gwazansu, su je asibiti a garin Oneroa, su je coci. Ita ba ta taɓa riƙe kan babur ba. Ana cikin haka babur ya daina ba da wuta, Tutai kuma ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Babur ya shekara a gindin bishiya, iskar teku na lasarsa.

Da lokacin bikin yaye mayafin dutsen kabarinsa ya yi, kamar yadda al'adarmu take bayan shekara, 'yarsu Teremoana ta zo daga birnin Auckland da ke ƙetaren teku, da tikitin jirgin sama biyu na komawa. Ba mugunta ta kawo ta ba. Ta ga gwiwoyin uwarta sun kumbura, ta ga ciyawa ta rufe fadama, ta ji cewa tsohuwar kan tsallake ranar asibiti don ba mai kai ta.

"Mama, ba zan tafi in bar ki kina jiran wanda zai rage miki hanya ba," in ji ta. "Ranar Talata tare za mu hau jirgi."

"Ina da abin hawa," in ji Mama Kimiora, ta nuna gindin bishiya.

"Wancan? Kaji ma sun fara ƙwai a kansa. To, na ji. In ya tashi kafin Talata, kuma na gan ki a kai da idona, ki zauna."

Da yammar Alhamis Mama Kimiora ta turo babur ɗin da kanta har rumfar Papa Taoro, tayoyi a sace, tana tafe tana hutawa. Ya dube ta, ya dubi babur, ya miƙa mata kututturensa.

"Kimiora, gawa kika kawo mini? Maƙabarta na can bayan coci."

"Can na kai ɗaya bara. Wannan kai za ka tashe shi, in ba haka ba ka nemi wadda za ta riƙa kawo maka gwaza."

Ya buɗe murfin gefen inji. Bai daɗe ba ya gano koyil ne, naɗin wayar da ke ba da wuta, ya ƙone, kuma yana da wani da ya ciro daga mataccen babur. Sai dai koyil na zaune ne a bayan maganeto, faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke juyawa da inji, kuma sai an zare shi ake kaiwa gare shi. Ya kwance noti, ya ɗauko ƙarfen da ake ɗaurawa a tsakiyar faifan a janyo shi. Ƙarfen ya shiga, ya juya, ya ƙi kamawa. Ya haska ciki, sai ya ga zaren ramin da ƙarfen ke kamawa ya cinye, ga tabon guduma a kewaye.

Ya daɗe yana shafa tabon da babban yatsa.

"Hannun Tutai ne wannan," ya ce. "Sau nawa na hana shi taɓa inji da guduma. Ya tafi ma bai daina ba ni aiki ba."

Mama Kimiora ta yi dariya, sannan ta juya ta share ido da gefen rigarta.

Kowa ya san hanyar gaggawa: a saka ƙarfe a bayan faifan a banƙare, a sa guduma. Maza biyu da suka tsaya kallo sun ba shi wannan shawarar. Ya ce a'a. In sandar injin da faifan ke zaune a kai ta lanƙwashe ko bakinta ya baje, babu irinta a tsibirin, sai an jira jirgin ruwan kaya, wanda ba mai sanin ranar zuwansa. Kafin nan Kimiora ta daɗe a Auckland tana kallon titi ta taga.

Ranar Juma'a ya kwantar da babur a gefe, ya ɗiɗɗiga mai a mahaɗar, ya bar shi ya jiƙa. Ya bincike tarin tsoffin ƙarafansa har ya samo wani babban noti da ƙusarsa. Asabar da safe ya naɗe gefen faifan da jiƙaƙƙun tsummoki don kada zafi ya kashe maganaɗisun da ke ciki, ya yi waldar notin a tsakiya, kaɗan kaɗan, yana tsayawa ya huce. Ya sa kwabo a bakin sandar don kada ƙusa ta ci ta. Sannan ya ɗaura ƙusar a notin ta tokare sandar, ya matse har jijiyoyin wuyansa suka tashi, ya ɗan ƙwanƙwasa kan ƙusar. Faifan bai motsa ba. Ya ɗumama, ya ƙara matsewa, ya ƙara mai. Ko gezau.

Teremoana ta zo da la'asar ta tsaya a bakin rumfa.

"Papa Taoro, don Allah ka faɗa mata gaskiya. Kada ka sa mata rai a banza."

"'Yata, gaskiyar ita ce zai fita. Na ɗora masa nauyin da ba zai iya riƙewa har abada ba. In na ƙara, wani abu zai karye, kuma ba shi ba ne."

"Gobe Lahadi. Ba za ka taɓa shi ba."

"Ba zan taɓa shi ba."

Ya wanke hannu ya rufe tamfol.

Washegari an taso daga coci, rana ta take, kwanon rumfar ya yi zafi. Mutane na wucewa cikin fararen kaya, mata da hulunansu na saƙa, sai aka ji wata ƙara daga rumfar kamar an harba bindiga. Kaji suka watse. Fasto da kansa ya ɗaga tamfol ya leƙa, ya ga faifan ya saki, ya karkace a kan sandarsa.

"Taoro, aiki ranar Lahadi?"

"Ni ina coci, Fasto, a gabanka na zauna. Shi za ka yi wa wa'azi."

Litinin kafin hantsi sabon koyil ya shiga, ya goge tsatsar sandar, ya mayar da komai, ya wanke tanki, ya bai wa tayoyi iska. Bugu na uku babur ya kama. Amma saura rabin sharaɗin. Ya tura shi filin ƙwallon makaranta, ya ɗora Mama Kimiora a kai, ya riƙe bayan kujera yana binta da sassarfa, tsoho da tsohuwa, tana zaginsa yana zaginta. Ta faɗi a ciyawa, ta tashi. Ta kusa shiga ragar gola. Can sai ya saki hannu bai faɗa mata ba, ta zagaye filin ita kaɗai, bakinta a buɗe.

Ranar Talata ita ta kai 'yarta filin jirgi a bayan babur, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, Teremoana ta ƙanƙame ta tana kuka a kafaɗarta. Kujera ɗaya a jirgin ta tafi babu kowa. Fadamar Tutai ta sake yin kore, kuma nas ta ce tun daga lokacin Mama Kimiora ba ta ƙara tsallake ranarta ba.

Papa Taoro, kai ne ka gane cewa a tsibirin da gidaje ke rufewa ɗaya bayan ɗaya, babur mai tashi kan riƙe mutum a ƙasarsa. Kai ne mai haƙuri da ƙarfe, mai sanin inda ƙarfin hannu ya kamata ya tsaya. Ba ka taɓa mayar da wanda ya turo maka abin hawansa ba, ko da kuwa kifi ko damin gwaza ne abin da zai iya ajiye maka. Mun gode. Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar maka sauran ganin da ke idonka.

Ku kuma 'ya'yan Mangaia, na gida da na ƙetare, mutumin nan yana raye, bakinsa na magana, kayan aikinsa na nan a mai. Ya ce duk mai so, mace ko namiji, ya zo ya zauna, zai koya masa da baki abin da hannu ya daina yi. Kada ku jira sai an rufe rumfar.

A walimar ajiye aikinsa an matsa masa ya yi jawabi. Ya miƙe, ya dubi jama'a, ya dubi baburan da suka cika bakin hanya.

"Duk wanda ke da guduma a gida," ya ce, "ya bar ta don fasa kwakwa."

Ya zauna ya ja kwanon kifinsa.