Tururuwar da Ta Yanke Mini Hukunci

Ko da zan manta sunana, ba zan manta ranar da tururuwa ta yi mini shari'a ba. Lokacin shekara biyar ke nan da samun 'yancin kai, ina aure a wani ƙauye kusa da Malumfashi. Auren zumunci ne, uwar mijina yayar mahaifiyata ce, Inna nake ce mata.

'Ya'yana mata biyu kamar a taɓa su jini ya fito. Maza kuwa biyu na binne. Da sun kai wata shida sai kunne ya fara ruwa, tari ya kama, shi ke nan. Da na ukun ya soma, Inna ta kira ungozoma. Aka tatsi nonona a ludayi, aka jefa tururuwa, wai in ta mutu nonon mugu ne. Jama'a, wace tururuwa ce ta iya iyo? Ta nutse mana!

"Kun gani ko?" in ji Inna. "Nononki ke cinye mana maza. A cire yaron daga nono, ke kuma ki tafi gidanku."

Mijina, gwanin tsawa a gonar auduga, ya tsaya yana kallon ƙasa.

Washegari na goya yaron, na hau motar auduga zuwa asibitin Funtua. Inna ta biyo ni, wai don likita ma ya gaya mini. Likitan ya duba shi, ya yi ta tambaya, sannan ya ce akwai abin da jini ke yi don yaƙar cuta. Jariri da guzurin na uwarsa yake zuwa duniya, wajen wata shida ya ƙare, sai jikinsa ya fara yin nasa. Jikin ɗana ne bai iya yi ba. Ya ce ga alama gado ne da ke bin mata, su ba ya taɓa su, sai wasu daga cikin 'ya'yansu maza.

"Ai na faɗa!" in ji Inna, har da tafi.

"Nonon ba ruwansa, shi ke ma taimakonsa," in ji likita, sannan ya juya wajen Inna. "Baba, a ɗakinku akwai wadda ta rasa maza haka?"

Maza uku Inna ta binne kafin mijina ya tsaya, duk ƙauye an sani. Ashe abin da take tsine mini a kai, tare suka gaje shi ita da uwata, daga tsatso ɗaya.

Na koma da ɗana a ƙirji, ba wanda ya ƙara zancen tafiyata. Da nono da allurai ya kai shekara huɗu, har ya kira ni Umma, sannan Allah Ya karɓi abinsa. Inna ce ta fi kowa kuka, ban kuwa hana ta ba.

Tun daga ranar, in na ji an taru a kan mace ana cewa ita ce, sai in duba mai ɗaga murya. Sau da yawa nata kaburburan take gudu.