Mangwaron da Kawu yake bar wa jemagu

Na ɗaga gora zan kaɗo mangwaron can ƙololuwar bishiya, sai Kawu ya riƙe mini hannu. A gonarsa ta Katanga muke, dab da magariba, kuma kwandon da za a kai kasuwar Jega bai cika ba.

"Bar na sama," in ji shi. "Ba namu ba na, na jemagu na."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kawu, ƙazaman nan da ke cika maka rufin ɗaki da kashi za ka bar wa mangwaron da ya fi nuna?"

Ya ce, "Waɗancan daban. Ƙanana na, abincinsu sauro da ƙwarin gona, kuma suna nan da yawa. Wanga rabon manyan na, masu fuska irin ta kare. Ga ɓauren can, ga kanyar can, ban shuka ko guda ba, su sunka yar da irin. Da ina yaro, in sun tashi sai sama ta rufe. Yanzu an sare itatuwan da sunka saba ratayewa. Ɗaga kai ka gani."

Na ɗaga kai. Ga su tafe jefi-jefi, har ina iya ƙirga su. Ban san lokacin da na jingine gorar ba.

Shekara da shekaru ina shan inuwar ɓauren nan, ban taɓa tambayar wanda ya shuka shi ba. A garinku har yanzu suna rufe sama da magariba, ko ku ma kun fara ƙirga su?