Kujerar Alhaji Hammajo

Har gobe ban manta da ranar da Alhaji Hammajo ya shigo ofishinmu na Jimeta ya zauna yana ta gaisuwa ba. Lokacin ni ne jami'in tsara tafiye-tafiye a wani kamfanin jirage, a shekarun da rikici ya rufe hanyoyin arewacin jihar nan.

Don sababbin cikinku, tsari biyu muke da shi. Akwai jet, wanda 'yan kasuwa suka haɗu suka saya, kowa da kasonsa. Akwai kuma helikwafta, wadda ake shiga a zama mamba, kowa da ranarsa. Jet ya fi sauri, ya fi cin nisa, amma sai da titin sauka. Ita kuwa helikwafta, filin firamare ma ya ishe ta. Da na yi wa Alhaji wannan bayani tun farko, dariya ya yi, ya ce ba zai hau abin da ke ƙara kamar injin niƙa ba. Jet ya zaɓa.

Ran nan ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi. Wanda ya zauna da Fulanin Yola ya san dattijo ba ya buɗe baki ya yi roƙo. Sai da ya miƙe, yana kallon ƙofa, ya ce, "Malam Sani, Dada tana ƙauye har yanzu. Ba ta iya tafiya."

Mahaifiyarsa ke nan. Mutanen ƙauyen sun watse, kuma jet ɗinsa ba shi da wurin sauka a can.

A jerin masu helikwafta, ranar ta Madam Rahila ce, wata 'yar kwangila mutuniyar Numan. Na kira ta ina ta kwana-kwana. Ta katse ni: "Maman mutum ne? To me kake jira? Ku ba shi!"

Muka nemi izinin sojoji kamar yadda ƙa'ida ta ce, suka ba mu. Matuƙi ya yi gargaɗi cewa da wannan zafin, ga man dawowa, mutum biyu kawai zai iya ɗaukowa: Alhaji da Dada. Kuma izinin na tashi ɗaya ne. Alhaji ya shiga helikwaftar, suka tashi.

Ina bakin rediyo matuƙin ya kira. Ya ce tsohuwa ta ƙi shiga. Akwai wata maƙwabciyarta, Maryamu, ita ma tsohuwa, wadda ke dama mata kunu tun da aka gudu aka bar su. Dada ta ce ƙafarta ƙafar Maryamu. Can sai na ji muryar Alhaji: "Malam Sani, a kai su gidana Yolde Pate. Ni zan biyo ta duwatsu."

Da hannuna na tallafo tsofaffin nan biyu suka sauko. Alhaji kuwa mun jira shi, mun sa cigiya ko'ina. Bai iso ba. Abin yana ci mini rai har yau.

Shi ya sa idan mai kuɗi ya zo yana tambayata wanne ya fi, ba na fara masa da sauri ko laushin kujera. Nakan ce, "Ranka ya daɗe, ina mahaifiyarka take zaune?"