Gurbin da Na Cike a Allon Yarinya

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata waɗanda in ba tuna mini aka yi ba, ba na tunawa. Amma wata ranar Asabar da aka baje kolin zanen yara a makarantar da nake koyarwa a Abuja, ita kam ko na so in manta ba za ta sake ni ba. Ina jin da ita za a kai ni makwancina.

Ni mai zayyana ne, wato adon nan da ake yi wa allon wanda ya sauke Alƙur'ani. A zauren mahaifina na koya, Allah ya jiƙansa, kuma da Ajami na fara rubutu, boko sai da na girma. Da sana'ar ta ja baya, wani ɗan kasuwa mutumin Zariya da 'ya'yansa ke karatu a wata makarantar Montessori ya haɗa ni da shugabarta, wadda kowa ke kira Madam. Suna neman wanda zai koya wa yara zane irin na gida. Na karɓa, bisa sharaɗin ba za a rubuta aya a allunan ba, tunda yara ne na addinai daban-daban kuma a ƙasa suke aiki. Ado kawai, sai sunan kowa da Ajami a ƙasan allonsa.

A Uke nake zaune lokacin. Da na idar da sallar asuba sai bakin titi. Wanda ya san cunkoson Mararaba da Nyanya ba sai na yi masa bayani ba. Kafin in isa makaranta ƙugu ya riƙe, riga ta jiƙe, rabin ƙarfin yinin ya ƙare a mota. Da wannan gajiyar nake shiga aji, da ita nake fita.

Ajin ma ya ɗaure mini kai. Babu layin benci, babu bulala. Kowane yaro zai je kantar da aka jera kayan aiki ya ɗauko aikin da ransa ya so, ya shimfiɗa 'yar tabarmarsa, ya yi har ya gaji, ya mayar. Ranar farko Madam ta zaunar da ni ta ce, “Malam, abu ɗaya nake roƙo. Ka nuna musu sau ɗaya, sau biyu, sai ka janye. Kada ka sa hannu a aikin yaro.”

Na ce, “Ko da layin ya karkace?”

Ta ce, “Ko da ya kwanta.”

Na ce Allah ya ba mu ikon kiyayewa. Da baki na faɗa, zuciya ba ta amsa ba. A wurinmu, in ɗalibi ya karkata layi, malam karɓar alƙalamin yake ya miƙar, kuma wannan ƙauna ce. Allon zayyana kuwa gida-gida ake zagawa da shi a nuna wa dangi, ba a fitar da mai naƙasa. Shekara arba'in da wannan tarbiyya a hannuna, magana ɗaya ba ta wanke ta.

A ajin akwai wata yarinya 'yar shekara shida. Mahaifiyarta ce ke dafa abincin makarantar, Bagwariya ce daga yankin Abaji, suna haya a Mpape, mijinta yana aikin fasa dutse. Makarantar tana barin 'ya'yan ma'aikata su yi karatu tare da sauran. Yarinyar ba ta magana a aji ko kaɗan. In na zauna ina dama tawada da gawayi da ƙaro, sai ta zo ta tsaya nesa, hannuwa a baya, tana kallo. Zango biyu cur tana haka. Malamar ajin, wadda yara ke kira Anti, ta ce da ni, “Malam, don Allah ka ƙyale ta. Ranar da ta ɗauki alƙalami da kanta mun ci nasara. Amma irinta in aka firgita ta sau ɗaya, ba na jin za ta sake.”

A zango na uku ta ɗauka. Wata Talata ce, ban ma ga lokacin ba, sai juyowa na yi na gan ta zaune da allo a cinya, ta tsoma alƙalamin kara a tawada yadda nake yi, har da ɗan karkaɗe bakinsa. Anti ta kama bakinta ta juya baya don kada yarinyar ta ga murnarta.

Lokacin ana shirin baje koli na ƙarshen shekara, ranar da iyaye ke zuwa su ga aikin 'ya'yansu. Mako uku yarinyar nan tana kan allo ɗaya. Layukan gefe sun ɗan karkace, amma hannunta ba ya rawa, kuma tana da idon haɗa ja da rawaya da ban koya mata ba. Ta cike sama, ta cike gefe biyu, ta rubuta sunanta a ƙasa. Amma a tsakiya ta bar wani gurbi fari fat, girman tafin hannuna. Ranar Alhamis na durƙusa kusa da ita na nuna wurin na ce, “Nan fa, 'yata?” Sai ta ɗora tafinta a kai ta rufe, ta girgiza kai. Na ɗauka dabara ce ta ƙare mata.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yara duk sun tafi, na koma in jera alluna. Na jera ashirin da wani abu, na zo kan nata na tsaya. Na ce a raina, gobe manyan motoci za su cika harabar nan, a ga allon 'yar mai dafa abinci shi kaɗai bai ƙarasa ba, a ce ai dama. Haka na gaya wa kaina, cewa tausayinta nake ji. Yanzu da na tsufa zan faɗi sauran gaskiyar: har da sunana nake karewa, kada a ce ɗalibar Malam ta bar aiki rabi. Na yi bisimilla, na dama tawada sabuwa, na cike gurbin da wani ƙulli mai kusurwa takwas da mahaifina ya fi so. Tunda hannu ya ɗau zafi, na bi layukan gefen ma na miƙar. Wallahi na daɗe ban yi aiki mai kyansa ba. Har La'asar ta kusa wuce ni. Na hau mota ina jin daɗin kaina.

Asabar makaranta ta cika. An kafa rumfuna, kowane gida ya kawo abin da ya iya, masu waina, masu dambu, masu doya da miya, yara suna ta kiɗa da 'yan ganguna. Ina tsaye wajen alluna ina amsa gaisuwa, sai na hango yarinyar nan tana jan zanin wata tsohuwa doguwa mai ƙunshi a kafaɗa, yadda matan Gwari ke ɗaukar kaya. Kuma magana take yi! Da yarensu, ba tsayawa, tana nuni, tana dariya. Ranar na fara jin muryarta. Mahaifiyarta na biye da su tana goge hannu da gefen zani.

Suka iso gaban allon. Maganar ta ɗauke kamar an datse ta da wuƙa.

Yarinyar ta duba sunan da ke ƙasa, ta duba tsakiya, ta sake duba sunan. Tsohuwar ta sauke ƙunshinta ta kwance. Jar ƙasa ce a cikin wani ɗan gwangwani, da wani guntun icce da aka sassaƙa. Mahaifiyar ta matso ta yi ƙasa da murya ta ce, “Malam, kakarta ce, maginiyar tukwane. Tun hutu suka yi alkawari. Ta ce za ta bar wa kaka wuri a tsakiya, kaka ta sa zanen da take yi a wuyan tukunya. Kullum sai ta ƙirga mini kwana.”

Tsohuwar ta ɗaga kai ta ce da Hausarta, “Wa ya yi wannan?”

Na ce, “Ni ne, Mama.”

Ta daɗe tana kallon ƙullin. Ta ce, “Hannunka yana da kyau, Malam. Amma ni mota uku na shiga daga Abaji. Don in zo in ga naka?”

Daidai nan sai ga mutumin Zariyan nan da ya samo mini aikin, da farantin waina a hannu. Ya leƙa ya ce da ƙarfi, “Masha Allah! Malam, ai wannan yarinya ta kusa ƙwace maka sana'a!” Ya yi dariya ya wuce, bai san abin da ya taka ba. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi. Ta sa hannu biyu ta ɗaga allon ta juya fuskarsa ga bango.

Nan na ƙara wauta a kan wauta. Na ce a ba ni tsumma da ruwa, yanzu zan wanke nawa in mayar mata da wurinta. Ni da na san tawadar ƙaro tun ina yaro, na san ba ta da amana in ta ji ruwa. Gaggawa ce ta rufe mini ido. Ina gogawa baƙin ya narke ya gangara, ya shiga janta, ya shiga rawayarta, ya bi ta kan sunanta. Aikin mako uku ya koma caɓi a gaban idonta. Tsohuwar ta riƙe mini wuyan hannu ta ce, “Ya isa, Malam. Ka yi ɗaya, ka yi biyu. Bari haka.”

Anti ta ruga ta kawo sabon allo, ta ce kaka ta yi zanenta a nan, yarinya ta kewaye daga baya. Yarinyar ta dubi allon, ta mayar da hannuwanta baya. Tsohuwar ta rufe gwangwaninta, ta ɗaure ƙunshi, ta aza a kafaɗa. Ko abincin ba su tsaya ci ba.

Ranar Litinin Madam ta kira ni. Na shirya wa sallama, kuma da ita ta yi da ya fi mini sauƙi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Malam, ka tambaye ta?”

Na ce, “Na tambaya, ba ta amsa ba.”

Ta ce, “Anti ta ce ta ɗora hannu a wurin ta girgiza kai. Wace amsa kake jira kuma?”

Da yammacin ranar na hau Mpape, na bi 'yan lungunan nan na kan dutse ina tambaya har na sami ɗakinsu. Na ba mahaifiyar haƙuri, ta ce, “Haba Malam, ya wuce. Yarinya ce, za ta manta.” Na durƙusa gaban yarinyar, da furfurata, na ce, “'Yata, na yi miki laifi. Ki yafe mini.” Ta shiga ɗaki ta kawo mini ruwa a kofi, ta russuna ta miƙo, ta koma. Tarbiyya ce, ban sani ba ko yafiya ce.

Sauran kwanakin zangon tana zuwa aji. Tana ƙirga duwatsu, tana jera haruffa, tana share tabarmarta. Kantar zane kuwa ko kallonta ba ta yi. Kullum ina dama tawada a inda za ta gan ni, in ajiye alƙalami ɗaya a gefe, in kau da kai. Kullum in dawo in same shi a bushe. Da aka dawo hutu ban gan ta ba. Aka ce aikin mahaifinta ya tsaya, sun tattara sun koma Abaji. Ban sake ganin hannun nan a kan allo ba, kuma ban san ko ya sake riƙe alƙalamin zane ba. Ina sa ta a addu'a har yau.

Na ƙara shekaru a makarantar, yara da yawa sun bi ta hannuna, wasu har sun fi ni. Amma abin da na koya ranar ya fi duk abin da na koyar. Ba kowane wuri da aka bari ba ne rashin iyawa, wani an tanadar wa wani ne. Kuma gyaran da mai abu bai nema ba, komai kyansa, ƙwace ne. Na ƙwace wa yarinya 'yar shekara shida abu ɗaya da ta tanada don kakarta, da bisimilla a bakina, ina ganin alheri nake yi. Allah ya yafe mana abin da muka ɓata da kyakkyawar niyya, don shi ne ba mu cika neman gafararsa ba.