Malama Karasawa da Sunan da Ta Hana a Faɗa

Da safiyar Alhamis, tara ga watan Oktoba, mijinki ya kira ni ya ce kin rasu a asibitin Sendai. Malama Mineko Karasawa, ke kika koya mini fassara, kuma ban taɓa gode miki yadda ya kamata ba, domin da na fara sai ki ce in bar surutu in ci shinkafata.

Na zo hannunki ina ganin na iya Turanci. Kika ba ni shafi guda na *Bencin Bayan Makaranta*, labarin zane na soyayya da ban dariya mai fitowa littafi-littafi, wanda kike mayarwa Turanci daga harshen Japan, kika sa na karanta fassarata da ƙarfi a ɗakin girkinki. Da na gama kika kira sunana kika ce, "Yagi, wace yarinya ce take magana haka? Wannan ai maganar shugaban makaranta ce." Haka muka ci gaba da aiki, kina karanta maganar saurayin da muryar tsohuwa, ina karanta ta budurwar, mijinki yana ɓare mana lemo yana dariya. Ke kika matsa har aka sa sunana kusa da naki a bangon littafin.

Bayanan da kike rubutawa kan labarin kuwa ba su bar komai ba: abincin da budurwar, Suzu, ba ta ci, hannun da saurayin, Nagumo, yake riƙe laima da shi, wanda ya ari keken wani bai mayar ba. Amma doka guda ta fi sauran ƙarfi. Suzu ba ta kiran yaron da sunansa, Kippei, sai da sunan gidansu, Nagumo, kamar yadda 'yan aji suke yi kafin su shaƙu. Editan kamfanin da ke buga fassarar a ƙasar waje ya ce masu karatunsa suna ganin abin ya yi sanyi, a sa ta riƙa cewa Kippei kawai. Kika amsa masa cewa ranar da za ta faɗi sunan nan ita ce labarin gaba ɗaya, in zai canza to ya nemi wata mai fassara. Lokacin ba ki da wani aiki sai wannan, kuma babu wanda ya yi miki alkawarin ranar za ta zo.

Shekaru suka shuɗe, Suzu ta ƙi faɗa. Duk littafin da ya fito sai editan ya tsokane ki, ke kuma ki zagi yarinyar kamar jikarki. Da ciwo ya kwantar da ke, ba ki yi mini maganar mutuwa ba. Damuwarki ita ce kada ki tafi ba ki ga ƙarshen ba, kuma na ji tsoron hakan ya faru.

Ni na rubuta wa mai zanen, Malam Utsumi. Ba a nuna wa kowa babin ƙarshe kafin a buga shi, amma ya zo asibitin da kansa da shafukan da ko tawada bai sa musu ba. Hannunki ba ya iya riƙe takarda, ni na riƙa juya miki. A shafin ƙarshe Suzu tana tsaye a tashar jirgi, fuskarta ta yi ja, kuma kalma ɗaya ce tak a bakinta: Kippei.

Kika daɗe kina kallo. Sannan kika yi dariya har tari ya kama ki.

"Ja'irar yarinya," kika ce. "Na tsufa ina gadin kalma ɗaya, ga ta ta zo, ko fassara ba ta buƙata. Yagi, kar ki taɓa ta."

Babin ya fito yanzu, kuma ban taɓa ta ba, Malama. Na gode.

Allah ya jiƙan ki, ya yi miki rahama, ya sa kin huta. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Malam Shigeru da 'yarki Chizuru. Allah ya ba su haƙurin rashinki, ya ba ni nawa.