Nozul Huɗu a Gwangwanin Madara

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sabi'u bakanike, mai rumfa a bakin hanyar Ajingi a garin Gaya. Duk wanda ka tambaya zai ce mutumin kirki ne mai haƙuri. Haka ake faɗa a kan kowa in ya mutu, ni kuma ban zo maimaita wannan ba. Maganar motarsa zan yi, don ita ta hana ni sakat a 'yan kwanakin nan.

Tsohuwar mota ce ya saya a kwance. Ya cire mata kafireta, ya ɗora nozul huɗu masu fesa mai da 'yar ƙwaƙwalwar da ke ba su umarni, ya shafe wata biyu yana haɗa waya da waya. Ƙaninsa, Baffa Haladu, shi ke jan ta, yana kwasar 'yan kasuwa daga Gaya zuwa Toranke. Gida biyu ke ci da ita.

Ni ke kai masa abincin rana, kuma tun ina ƙarama ban iya barin tambaya a ciki ba. Wata rana na ce me ya sa yake wahalar da kansa. Ya ce, "Feshi iri biyu ne, Rabi. Akwai wanda nozul huɗun ke watsa mai gaba ɗaya, alhali silinda ɗaya ce ta buɗe baki. Kamar innarki ta zuba tuwon mutum huɗu, ukun suna gona ba su dawo ba. Za su ci dai, amma ya huce. Akwai kuma wanda sai ka iso ake zuba maka." Na biyun ya yi wa motar. Bai ɓoye min ba cewa in ana gudu a kan kwalta bambancin kaɗan ne. Amma motar haya rabin rayuwarta a tsaye take, injin yana silo ana lodi, ana jiran mai buhu ɗaya da ya tafi alwala. A nan ake gane aikin.

Ya ɗora bakin dogon sukundireba a kan nozul ɗaya, ya sa min ƙotar a kunne. Na ji bugu a natse, kamar agogo. Ya ce in ƙwaƙwalwar ta daina jin 'yar na'urar da ke kan injin, takan koma feshin gaba ɗaya don kada ta bar mutum a daji, sai bugun ya ninka sauri. Ya sa na saurara har kunnena ya riƙe.

Wata takwas bayan rasuwarsa motar ta fara kakkarwa a tsaye, tana wuyar tashi da safe. Na ɗauko sukundireban na saurara. Bugun ya ninka. Na ce wa Baffa waya ce ta tsinke, a duba ta kan injin, tunda kusa da buhunan gyaɗa motar ke kwana. Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Ke 'yar nan, jeki taya uwarki tankaɗe." Wani bakanike ya gaya masa ƙwaƙwalwar ce ta haukace, a mayar da kafireta kowa ya huta. Ina makaranta suka yi aikin. Da na dawo, a ƙasa na tsinci aikin wata biyu na Baba. Na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya har na ga inda ɓera ya ci, bai kai faɗin farce ba. Na naɗe nozul ɗin a tsumma mai maiƙo na zuba a gwangwanin madara, ƙwaƙwalwar da wayoyin kuma na tura ƙarƙashin gado. Ban sake yin maganar ba. Na gaji ne kawai.

Yanzu kowa ya san yadda fetur ya koma. Motar ta fi kwana a ƙofar gida fiye da kan hanya, fasinjojin Toranke sun koma hawa babur bibbiyu. Baffa ya kai ta Kano a mayar da ita mai amfani da gas. Mai aikin ya buɗe bonet ya ce tsarin gas mai kyau, wanda ke bin silinda ɗaya bayan ɗaya, daga nozul da ƙwaƙwalwa yake karɓar umarni. A kan kafireta sai dai ya sa masa mai rage wa mota ƙarfi. Ya tambaye shi wa ya cire mata nata.

Ina yawan tunanin abin da Baba zai ce da ya ga wannan zamani. Na san ba zai yi wa kowa gori ba. Zama zai yi kusa da mai gas ɗin yana tambaya har ya ishe shi, ya dawo ya yi min bayani da tuwo. Ni ban gaji wannan haƙurin ba.

Makon jiya Baffa ya zo gidanmu. Ya gaisa da Inna, ya tambayi damina, ya tambayi awaki, sannan ya ce, "Rabi, wai kayan nan na Yaya suna nan kuwa?"

Na ce, "Suna nan, Baffa. Har da wayar da ɓera ya ci."

Ya sunkuyar da kai. Na ce zan bayar, amma da ni za a je, kuma ba za a rufe bonet ba sai na saurara.

"Mace a gareji?"

"Gwangwanin ma mace ce ta ajiye shi shekara biyar."

Ya miƙe ya sa takalmansa. Can ya ce Asabar da safe, in shirya da wuri.

Ban sani ba ko nozul ɗin za su yi aiki, mai yiwuwa sun toshe. In sun ƙi, motar ta kwanta ke nan, gida biyu kuma su nemi wata hanyar abinci. Rumfar Baba ma yanzu cajin waya ake yi a cikinta. Ban da kayan motar, abin da ya rage nasa a wurina bai wuce ƙarfe ɗaya mai ƙotar katako ba, da kunnen da ya gyara min. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Ranar Asabar zan jefa sukundireban a jaka. In nozul ɗin sun buga ɗaya bayan ɗaya, zan ji. In ba su buga ba, nan ma zan ji, kuma wannan karon ba wanda zai aike ni tankaɗe.